Yadda Ake Ƙera Ƙasa da Gine-gine a Kan Teburin Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Gida

Ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur cikin ɗaki, ba ya daɗewa yana burge mai shi idan zagaye kawai yake yi a kan katako tsirara. Abin da ke riƙe ido shi ne ƙasar da yake ratsawa, wato tudu da gangare, gada da kwalbati, tasha da gidajen da ke bayanta, da itatuwan da jirgin zai ɓace a cikinsu ya sake ɓullowa. Kayan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan zo da nasu gidajen roba da itatuwa masu tsini irin na ƙasashen sanyi, kuma masu fara wannan sha'awa sukan jera su yadda suka zo, sai a sami tebur a Tudun Wada ko Barnawa a Kaduna wanda bai yi kama da ko'ina da mai shi ya taɓa takawa ba. Shawarata ita ce a ajiye waɗannan a gefe, a gina ƙasar da aka sani, domin ita ce mutum zai iya gane kuskurenta da idonsa ya gyara, kuma kusan duk kayan aikinta suna nan cikin gari.

Mazaunin Kaduna ba zai rasa abin kwaikwayo ba, domin garin tare da dogo ya tashi. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ta nan ya ratsa. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, a shekarun 1920 kuma layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Kafanchan ya zo ya haɗe da na Legas a nan. A watan Yulin 2016 aka buɗe sabon layi mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa. Saboda haka akwai zamani biyu a gari ɗaya, kuma dole mai gini ya zaɓi ɗaya tun farko: ko tsohon dogo da tasharsa da ke kudu da kogi, da gidajen ma'aikatan reluwe da taragun kaya, ko kuwa sabon layi mai faffaɗan dogo da kankare.

Ma'auni kafin komai

Ba a yanka kwali ko ɗaya sai an san ma'aunin jirgin da ke hannu, wanda galibi a rubuce yake a jikin kwalinsa. Mafi yaɗuwa shi ne HO, inda aka rage komai sau 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogonsa milimita 16.5 ce. Akwai OO na Ingila, wanda ragin sau 76 ne amma a kan dogo iri ɗaya da na HO, sai kuma N, ragi sau 160 a kan dogo mai milimita 9, wanda ya fi dacewa da mai ƙaramin ɗaki. Faɗin sabon layin Rigasa milimita 1,435 ne, kuma idan aka raba shi da 87 sai a sami 16.5, wato dogon HO daidai yake da shi. Tsohon layi ya fi ƙunci, ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, kuma masu son kwaikwayonsa ba tare da ragi ko ƙari ba sukan nemi dogo mai milimita 12, ko su riƙe na 16.5 su gina komai a ragi sau 64, kamar yadda ake yi a New Zealand, inda faɗin dogonsu ɗaya ne da tsohon namu. Mai farawa ba sai ya wahalar da kansa da wannan ba. Ya yi tsohon zamani a kan dogon HO ɗin da ya samu, babu baƙon da zai zo da rula.

Abin da ba a sassautawa a kansa shi ne girman gine-gine da itatuwa. A ma'aunin HO mutum mai tsayin mita 1.7 bai cika santimita 2 ba, ƙofar ɗaki milimita 24 ce, bangon ɗaki mai mita 3 kuma milimita 34 ne. Bishiyar mangwaro mai mita 12 za ta kai santimita 14, wato ta ninka gidan da ke ƙarƙashinta sau uku ko huɗu, kuma a nan ne yawancin tebura ke faɗuwa, domin ana yin gidaje manya ana yin itatuwa ƙanana. Yana da kyau a yanke ɗan tsinke mai santimita 2 a ajiye shi a gefe a matsayin tsayin mutum, duk abin da aka ƙera a tsayar da tsinken kusa da shi a duba.

Lissafin nan kuma shi zai rage wa mutum buri. Fallen filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4 daidai yake da fili mai mita 212 da mita 106 kacal, wanda ko harabar tasha ɗaya bai ɗauke ba, kuma da za a kwaikwayi layin Idu zuwa Rigasa gaba ɗaya da sai an sami tebur mai tsawon fiye da kilomita 2. Don haka zaɓe ake yi. A ɗauki abubuwa uku ko huɗu da ke sa a gane wuri, misali ɗan yankin kogi da gada, ginin tasha da aka taƙaita tsawonsa, layin gidaje biyar, da dutse guda a kusurwa, sauran kuma a bar wa allon baya, wato allon da ake tsayarwa a bayan tebur a zana sama da abubuwan nesa a kansa. Kafin a yanke shawara a fita a duba da ido, domin gani ya kori ji: a lura da launin ƙasar gefen dogo, da yadda kwano ke tsatsa, da inda ciyawa ke tsayawa. Sai dai a nemi izinin ma'aikata kafin a ɗauki hoto a tasha ko kusa da gada, domin tun harin da aka kai wa jirgin Abuja a watan Maris na 2022 jami'an tsaro ba sa wasa da mai ɗaukar hoto a irin waɗannan wurare, kuma kada a hau kan dogo don aune.

Tebur da shimfiɗar dogo

A ba kafinta aikin firam na katako tu-bai-tu busasshe, da sanduna a tsakiya kowane santimita 40, a ɗora filawud mai kaurin rabin inci, a ɗaure da sukurori maimakon ƙusa domin a iya kwancewa ranar tashi daga gida. Katakon da bai bushe ba zai murɗe da zarar hunturu ya shigo, wanda ba a shafe ba kuma zai sha laimar watan Agusta ya kumbura, kuma kowanne daga cikin biyun yana karkatar da dogo. A shafa maganin gara irin na katakon rufi, a bar shi a waje ya sha iska har warinsa ya fita, sannan a bi kowace fuska da fenti, har da ƙasan da ba a gani. Hannun mutum ba ya wuce santimita 70 zuwa 75 idan ya miƙa, saboda haka tebur mai faɗin ƙafa 4 ba a jingina shi da bango, sai a bar hanya ta kowane gefe.

Idan ana son kogi ko kwazazzabo, kada a kwantar da dogo kai tsaye a kan filawud. A ɗaga shi da santimita 5 a kan siraran katako ko soso mai tauri, domin a sami wurin da ƙasa za ta gangara ƙasa da dogo. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 ko 3 a kowace mita, kuma tunda layi ɗaya yana bukatar kusan santimita 8 kafin ya haye kan wani, sai an sami gudun mita 3 zuwa 4, abin da ƙaramin tebur ba ya bayarwa cikin sauƙi. Bayan an kafa dogo a gudanar da jirgi na tsawon kwanaki, gaba da baya, da tarago mafi tsawo, a bar santimita 3 daga tsakiyar dogo zuwa duk abin da za a gina a gefensa, a kuma ƙara a wurin kwana. Gyaran dogo bayan an rufe shi da tsakuwa da gam aiki ne mai ɓata rai. Da an gamsu sai a rufe ƙarafunan da tef ɗin takarda kafin a taɓa ruwa ko fenti.

Tudu, gangare da dutse

Ƙashin ƙasa ana yin sa ne da farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin, wanda masu shagunan kayan lantarki ke zubarwa. A jera shi hawa-hawa, a manne da farin gam na kafintoci irin su Top Bond, a soke da tsinken tsire har ya kama, sannan a sassaƙe shi da wuƙa mai kaifi. Sholisho da fentin feshi da fentin mai duk suna narkar da wannan soso, don haka kada su kusance shi. Wanda bai sami soso ba ya yanka kwali siri-siri ya saƙa shi kamar raga a kan 'yan sanduna, ya lulluɓe da tsohon gidan sauro.

Fatar da za a rufe wannan ƙashi da ita garin POP ne, wanda masu silin ke aiki da shi. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwan ake zuba wa gari ba, a dama kaɗan-kaɗan ya yi kaurin ƙullin ƙosai, domin cikin 'yan mintuna yake fara sandarewa. A tsoma guntayen tsumma ko bandeji masu faɗin tafin hannu, a shimfiɗa su suna hawa kan juna, a shafe da jiƙaƙƙen yatsa. Yana da amfani a zuba ɗan jan garin kala na magina a cikin kwaɓin, domin ranar da wani wuri ya ɓantare kada fari ya bayyana. Ragowar kwaɓi a bar shi ya daskare a roba a fasa a zubar, kada a wanke shi cikin magudanar banɗaki, domin toshe ta zai yi.

Duwatsun yankinmu suna da tasu siffa. Kufena a Zariya, da duwatsun Kajuru, da waɗanda ake hangowa a hanyar Abuja, sulɓaɓɓu ne masu doron kunkuru, da manyan ƙwallayen dutse a zube a gindinsu, wasu a ɗore kan wasu. Dabarar da ake yawan nunawa ta zuba POP cikin cukurkuɗaɗɗiyar takardar alminiyam tana ba da dutse mai kaifi da tsage-tsage, wanda ba namu ba ne, sai dai a wurin da aka fasa dutse don dogo ya wuce. Namu a sassaƙa shi da santsi, a goge da samfefa, a ja tsaga biyu ko uku masu tsawo da bakin ƙusa. A fara da fentin ruwa mai ruwan toka da ɗan ja kaɗan, idan ya bushe a tsinka baƙi da ruwa sosai a zuba daga sama a bar shi ya gangaro da kansa, domin haka ne ake samun baƙaƙen zanen da ruwan sama ke bari a jikin dutse. Daga ƙarshe a taɓa burushi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusan bushewa, a shafa sama-sama a wuraren da rana ke duka.

Ƙasa ta gaske

Babu fentin da ya kai jar ƙasar Kaduna kama da kanta, saboda haka ita za a ɗebo. A samo iri uku: jan marmara na gefen hanya, baƙar ƙasar fadama, da farin yashin bakin kogi. A shanya kowacce, a soya ta a tsohon kasko na kusan rabin awa domin ƙwari da ƙwayayensu da irin ciyawa su mutu, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi wadda aka saya don wannan aiki, ba ta uwargida ba. Mataki na gaba shi ne wanda ake yawan mantawa, kuma shi ne ke kashe inji. A ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, a sa shi cikin leda, a yi ta jan sa cikin garin ƙasar. Baƙin garin ƙarfen da zai manne a jikin ledar, da an bar shi, injin kan jirgi ne zai zuƙe shi, domin shi ma maganaɗisu ne a cikinsa. A maimaita har ledar ta riƙa fitowa da tsabta.

Wajen shimfiɗawa, a fara shafa wa POP fentin emolshan mai launin ƙasa, a barbaɗa garin ta cikin matacin shayi tun fentin yana ɗanye. Inda ake son kauri a ƙara barbaɗawa, a fesa ruwan da aka ɗiga wa sabulun wanke-wanke daga nesa yadda zai sauka kamar raɓa, sannan a ɗiɗɗiga farin gam da aka tsinka, kashi ɗaya gam kashi uku ruwa, da sirinji marar allura. Sabulun ne ke sa gam ya nutse maimakon ya dunƙule a sama ya kwashe garin. Zai yi fari fat kamar an ɓata aikin, amma a ƙyale shi kwana ɗaya, ko biyu idan damina ce, zai bushe ya ɓace. Ƙasa takan ƙara duhu bayan ta sha gam, don haka a gwada a guntun kwali tukuna, idan ta yi duhu da yawa a gauraya ta da toka ko farin yashi. Kada a bar fili da launi ɗaya: hanyar da ƙafa ke bi ta fi haske da santsi, gindin bishiya ya fi duhu, kwari kuma ya fi tudu baƙi.

Tsakuwar dogo ma haka ake manna ta. Ta gaske ba ta wuce santimita 3 zuwa 6 ba, wanda a HO bai kai milimita ɗaya ba, don haka garin dutse na wurin fasa dutse da aka tankaɗe ya wadatar. A zuba da cokali, a share da busasshen burushi har kan sandunan da ke ƙarƙashin dogo ya fito, a tabbata babu ƙwaya ko ɗaya a jikin ƙarfe ta ciki inda ƙafar jirgi ke bi, kuma a nisanta gam daga wurin da ake sauya wa jirgi layi. A sabon layi tsakuwar tana da tsabta da gefe madaidaici, a tsohon layi kuwa ta haɗe da ƙasa, ciyawa ta cinye gefenta, kuma tsakiyarta ta yi baƙi da mai a inda kan jirgi ke tsayawa.

Ciyawa da itatuwa

A nan ma sai an zaɓi lokaci guda, domin teburin da rabinsa damina rabinsa rani ba ya zama. Ni na fi karkata ga ƙarshen kaka zuwa farkon hunturu, lokacin da gamba ta yi ruwan zinariya, an girbe dawa an bar kara a tsaye, wasu wurare an yi ƙuna sun yi baƙi, amma mangwaro da dalbejiya suna nan kore shar. Wannan lokaci ya fi yawan launi, kuma ya fi yafe wa mai koyo. Gajeriyar ciyawa garin katako ne da aka tankaɗe aka rina da fentin ruwa. Doguwa kuwa zaren igiyar rama ne, a yanka shi santimita 1 zuwa 2 da rabi, a tsoma gindin kowane ƙulli a gam a dasa, idan ya bushe a barbaza kansa da tsinke. Kunyoyin gona suna fitowa da kyau idan aka ɓare fuska ɗaya ta kwalin kaya aka bar tudun cikinsa, aka shafe da gam da ƙasa, domin tazararsu ta yi kusa da ta kunyar gaske. Suri ɗaya ko biyu na jar ƙasa, masu tsayin santimita 2, suna faɗa wa mai kallo inda yake fiye da allon suna.

Gangar bishiya da rassanta ana murɗa su ne daga siraran wayoyin tagulla na cikin tsohon kebur. A haɗa kamar talatin a murɗe gindi, a riƙa rabawa ana murɗawa har su zama rassa, a shafe da gam da garin katako, a yi fenti mai ruwan toka, domin ɓawon itace ba kasafai yake zama ruwan ƙasa ba. A yayyaga soson wanka na gargajiya siri-siri a lulluɓa a rassan, a fesa gam, a barbaɗa garin soson katifa da aka goga aka rina. Siffa ita ce ke bambanta su. Mangwaro dunƙulalle ne mai duhu wanda ba a ganin sama ta cikinsa, dalbejiya ta fi sakewa, ɗorawa tana baza rassa a faɗi, maɗaci dogo ne kamar waɗanda aka jera a tsofaffin titunan garin. Kuka da rani ba ta da ganye, kuma gangarta a HO za ta iya kai faɗin santimita 4 ko 5, don haka da guntun itace da POP ake yin ta. Giginya tana da kumburi a sama da tsakiyar gangarta, ganyenta kuma da takarda ake yanka shi kamar mafici.

Gine-gine

Kowane gini a fara yin sa da kwalin banza, ba ƙofa ba taga, a ajiye a wurinsa na kwana biyu ana kallo daga inda za a riƙa tsayawa. Sau da yawa a nan ake gane cewa tasha ta yi tsawo, ko sito ya tare gada. Idan girman ya zauna sai a zana bangaye a kwali mai tauri na milimita 1 zuwa 2, irin wanda ɗaliban zane ke saya, a huda ƙofofi da tagogi tun bangon yana kwance, da sabuwar reza da rular ƙarfe, ana bi sau uku ko huɗu a hankali maimakon a danna sau ɗaya. A ƙarfafa kusurwoyi ta ciki da tsinken ashana ko siririn katako, a shafe ciki da waje da fenti domin kada kwalin ya lanƙwashe da laima. Gilashin taga farar robar kwalin kaya ce, ƙarafunansa kuma zaren ɗinki ne ko siririyar waya. Gini kuma a cikin ƙasa yake zama, ba a kanta ba, don haka a tura gari da ciyawa su rufe gindinsa, kada a bar baƙin layi tsakaninsa da ƙasa.

Rufin kwano shi ne fuskar garuruwanmu, kuma ya cancanci a ɓata masa lokaci. Tudun kwanon gaske a HO bai cika milimita ɗaya ba, shi ya sa kwali mai tudu yake yin girma da yawa. A samo takardar alminiyam mai ɗan kauri irin ta mazubin abincin sayarwa, a miƙar da ita da bayan cokali, a ɗora a kan fata ko roba mai laushi, a mirgina ƙusar noti mai kaurin milimita 6 a kanta ana dannawa da guntun katako, domin tazarar zaren wannan ƙusa milimita 1 ce. A yanka falle-falle masu tsawon milimita 21, wato ƙafa 6, a manna daga ƙasa zuwa sama kowane yana hawa kan na ƙasansa. Kada a jera su daidai ƙwarai. A bar wani ya ɗan ɗaga baki, wani ya zama sabo a tsakiyar tsofaffi, a ɗora ɗan dutse ko tsohuwar taya a kan rufin shago. A kashe ƙyallin da fenti mai ruwan toka marar sheƙi, sannan a kawo tsatsa. Soson ƙarfe na wanke tukunya, idan aka jiƙa shi aka bar shi kwanaki, yana zama garin tsatsa na gaske, wanda za a dama da ɗan gam a ja shi daga sama zuwa ƙasa, ya fi yawa a bakin falle da layin ƙusoshi. Shi ma ƙarfe ne, don haka a tabbata ya manne sarai kuma a yi aikinsa nesa da dogo.

Gidan ƙasa kuwa ba shi da kusurwa mai kaifi, kuma bangonsa ya fi kauri a gindi. A sassaƙa shi da soso, a yaɓe da garin jar ƙasa da gam da ɗan POP, a bar sawun yatsa kaɗan. Zaure da zankwaye a kan soro sun fi dacewa idan teburin ya nufi wajen Zariya, kuma indararo guntun bututun biro ne da aka tsaga biyu. Rumbu murfin kwalba ne da aka yaɓe, da hular zaren rama, darni kuma tsinken tsintsiyar laushi ne da aka jera a kan zare. Ko na siminti ko na ƙasa, kowane gini a ƙasar nan yana da jan zane a gindinsa inda ruwan sama ke fantsamo ƙasa, kusan milimita 5 a wannan ma'auni, kuma garin jar ƙasa da busasshen burushi ya isa a yi shi. Garin gawayi kaɗan a saman tagar kicin da bakin rumfar kan jirgi yana ƙarasa aikin.

Kogi, allon baya da haske

Ba a zuba ruwan gaske a tebur. A shafe gindin kogi ya yi santsi, a yi masa fenti mai ruwan ƙasa da ɗan kore, tsakiya ta fi duhu, gefe ya fi haske, a manna yashi da duwatsun da ke fitowa idan ruwa ya ja baya, sannan a bi da banis mai sheƙi siri-siri har sau biyar ko shida, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Shuɗin kogi a teburin Kaduna kuskure ne da kowa zai gani. A bakin ruwan a yi 'yan fangalin lambu, a ajiye kwalekwale da aka fafe daga guntun itace. Ƙafafun gada katako ne da aka yaɓe da POP aka zana masa layin dutse, ƙarafunanta kuma kwali ne da aka yanka siri-siri, amma nauyin dogo ya zauna a kan katako mai ƙarfi da aka ɓoye a ƙarƙashi.

Allon baya mai tsayin santimita 40 ya isa. A yi masa shuɗi mai haske a sama, yana komawa fari-fari mai ruwan toka a ƙasa kamar hazon hunturu, duwatsun nesa kuma su fi na kusa dusashewa. Idan aka sa gidaje na ma'aunin N a can ƙurya kusa da allon, ido zai ɗauka nisa ne. Fitilun cikin gine-gine ƙananan LED ne a kan wuta mai bolt 12, kowace da resista, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga fitila, mai om 1,000, kuma a shafe cikin ginin da baƙi domin kada haske ya huda kwali. Wutar gida mai bolt 230 ba ta da wurin zama a ƙarƙashin tebur, kuma na'urar sarrafa jirgin da aka sayo daga Amurka galibi ta bolt 120 ce, sai da abin rage wuta, in ba haka ba ta ƙone nan take.

Wasu ba sa son ajiye mutum-mutumi a gida, kuma tebur ba ya rasa rai saboda haka. Tabarma da buta a gindin dalbejiya, keke a jingine da katanga, shanya a kan igiya, teburin mai shayi da bencinsa, buhunan hatsi na ƙullin tsumma a bakin sito, duk suna nuna cewa akwai mutane a wurin.

Abin da ya rage shi ne ƙura, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta raga wa komai a garin nan. A ɗinka wa teburin murfin leda ko yadi mara nauyi a kan firam da ya fi bishiya mafi tsayi, a rufe duk lokacin da ba a aiki. Gine-gine da gada kada a manne su dindindin, a kafa su da tsinke a rami domin a iya cirewa a kaɗe da burushi mai laushi. Kan ƙarafunan dogo a goge shi da tsumma da ɗan sifirit kafin kowane gudu, kada a sa masa samfefa, domin ƙarcen da take bari shi ke ƙara riƙe datti. Lokaci-lokaci kuma a leƙa ƙarƙashin tebur da tocila a duba ƙafafunsa, saboda gara da kyankyasai suna son kwali da gam, kuma idan ƙasan ɗakin na laima ne a ɗora kowace ƙafa a kan guntun tayil.